Suga ya zame min dutse a tukunya, a taimaka kafin Asabar

Amarya Zee: Slm matan gida, ya zafi ya rashin wuta. Dan Allah taimakon gaggawa nake nema. Dangin oga ne za su zo min yini ran Asabar, yayyensa da ƙannensa mata har da matar wansa wadda kun dai san irinsu, ko wace kula sai ta ɗaga murfi ta leƙa. To na ce bayan abinci bari in fito musu da mangwaro da kankana da gwanda da ayaba a yayyanke, sai in yi abin zaƙin nan mai ruwan zuma da ake tsiyayawa a kai, karamel. Na kalli bidiyon wata a YouTube ya fi sau biyar, ita dai ta zuba suga ya narke ta zuba madara ta juya shikenan. Ni da na gwada jiya da daddare na farko sugan ya koma fari ya dunƙule kamar gishiri, na biyu ya narke lafiya lau amma ina zuba madara ya yi wata irin ƙara ya fallatso min a hannu ya daskare, wlh yanzu haka cokalin yana maƙale a tukunyar na kasa ciro shi. Suga kofi biyu ya tafi a banza da tsadar nan. Me na yi ba daidai ba?

Maman Khalifa mai kek: Hhhhh sannu amarya, duk mun bi ta nan. Tukunyar dai kar ki kankare ta da wuƙa, cika ta da ruwa ki mayar kan wuta ya tafasa, sugan zai narke da kansa ya sakar miki cokalinki. Madarar da kika zuba daga ina kika ɗauko ta?

Amarya Zee: Ta gwangwani ce anti, na fasa tun safe sai na ajiye ta a kula cikin ƙanƙara kar ta lalace

Maman Khalifa mai kek: To ai nan gizo ke saƙar. Suga yana tsananin zafi ki kwara masa abu mai sanyi dole ya kame. Ga yadda nake yin nawa: suga kofi 1, ruwa kwatan kofi, ruwan lemon tsami rabin ƙaramin cokali. Ki juya tun kafin ki kunna wuta, da zarar ya fara tafasa ki ajiye cokali kar ki sake taɓa shi, in ma za ki motsa tukunyar za ki ɗan jujjuya da hannunta. Ki tsaya a kansa kar ki ce bari in amsa waya. In ya yi kalar shayin da ba madara ki sauke, ki sa bota cokali 3, sannan madarar ruwa rabin kofi wadda kika ɗumama, kaɗan kaɗan kina juyawa kina ja da fuskarki baya. Ɗan gishiri a ƙarshe. Ko ya ɗan dunƙule ki mayar kan wuta ƙasa ƙasa zai sake.

Sista Rabi: Ku tsaya da maganar suga tukuna, hannun fa? Me kika sa masa?

Amarya Zee: Man goge baki na shafa sista, ya ɗan tashi kaɗan a bayan babban yatsa

Sista Rabi: Ban so ba. Ƙuna ruwa take so, ki tara wajen a ruwa mai sanyi yana zuba kamar minti 20, ba ƙanƙara ba, ba man goge baki ba, ba ƙwai ba, ba manja ba. Wanke shi a hankali kuma kar ki fasa ƙurjin. In ya yi faɗi ko ya fara ruwa ki je a duba. Ƙunar suga ta fi ta tafasasshen ruwa muni saboda mannewa yake a fata ya ci gaba da cin ta. Masu yara kuma dan Allah in kuna wannan aikin ku kore su daga kicin, da goyo ma kar a yi.

Malama Asabe: Gaskiyar sista ne. Ruwa a digiri 100 yake tafasa, shi kuwa suga sai ya kai wajen 160 yake fara canja kala, kin ga ba sa'an juna ba ne. Na farkon naki da ya koma gari kuma juyin da kike ta yi ne ya jawo. Ƙwayar suga ɗaya tak in ta maƙale a gefen tukunya ta faɗa ciki sai sauran duk su bi ta su koma ƙwaya, kamar tumaki ne in ɗaya ta tsallaka titi. Lemon tsamin da Maman Khalifa ta ce aikinsa ke nan, tsami yana raba suga ya zama gulukos da furuktos, su kuma ba sa yarda su sake haɗewa cikin sauƙi.

Ummu Hanan: Malama ta shigo da allo da alli 😂 mu da muka gudu daga ajin kemistiri ga shi ya biyo mu kicin

Hajiya Goggo Jahun: Assalamu alaikum 'ya'yana. Jikata ce take rubuta min ni ina faɗa. Na ji ana karanto min wai lemon tsami yana hana suga komawa gari kamar wani sabon abu. To da me kuke tsammani muke dafa ruwan alkaki da na dubulan tun kafin a haifi iyayenku? Tsamiya ce. A jiƙa ta a tace a zuba a suga a dafa. Ba mu da abin awon zafi, yatsa ne, ki ɗiga a faranti ya sha iska ki taɓa da yatsu biyu ki buɗa, in ya ja zare ɗaya ya yi na tsoma alkaki, in kin bar shi ya wuce nan kin tafi alewa. Ko ki ɗiga a kofin ruwa, in ya watse da saura, in ya zauna a ƙasa ya dunƙule to ki sauke maza. Garar aure nawa na yi a unguwar nan ban taɓa kallon wata baturiya ba.

Amarya Zee: Allah ya ƙara lafiya Hajiya, na gode

Maman Khalifa mai kek: Hajiya Allah ya ja kwana amma a yi min afuwa, ruwan alkaki daban karamel daban. Na alkaki ba a barinsa ya ƙone, shi kuwa wannan ƙonuwar ce ma ɗanɗanon, ga madara ga bota.

Hajiya Goggo Jahun: To iloka fa 'yar nan? Da gullisuwa da alewar madara? Ba madara da suga ba ne ake dafawa har su yi ja? Kun dai sauke shi da wuri ne kun ba shi sunan turawa.

Maman Khalifa mai kek: Hajiya kin kashe bakina 😂 amma dai ba wanda zai ba ni odar kek ya ce in zuba masa ruwan iloka a kai

Malama Asabe: Ni dai a nan ina bayan Hajiya rabi ina bayan Maman Khalifa rabi. Dangi ɗaya ne, bambancin yawan ruwan da ya rage a ciki ne. In da sauran ruwa zai tsiyaya, in ya ƙara ƙonewa ya yi danƙo kamar iloka, in ya ƙafe ya zama alewa mai karyewa. Abin da amarya ta yi jiya alewa ce ba ta sani ba.

Maman Biyu Tumfure: Ni daga Gombe nake bin ku tun ɗazu kuma kowa na ta gyara karamel ba wadda ta tambaya shin ma ya dace da abin da za a zuba shi a kai? Amarya kankana kika ce fa. Kankana ruwa ce zalla, ki zuba mata abu mai maiƙo da bota wlh minti goma ya tsinke ya koma wani ruwa ruwa mai kitse a sama ba kyan gani. Mangwaron yanzu kuma zaƙinsa har hawa kai yake, ki ƙara masa zaƙi kan zaƙi cokali uku mutum zai ci ya ture. Su can da kike gani suna zuba shi a kan tuffa ne mai ɗan tsami ko aiskirim ko kek. Namu kayan tsami suke nema. Ni zoɓo nake dafawa ya yi kauri in tsiyaya a kai.

Amarya Zee: Zoɓo kuma anti?? Ai sai matar wan nan nasa ta fita da ni a dangi ta ce na jiƙa musu kankana da zoɓo

Maman Biyu Tumfure: Ba na sha ba ƙanwata. Ji nan. Busasshen zoɓo mai duhun nan kofi 1 ki ɗauraye shi sosai saboda ƙasa, ruwa kofi 3, ɗanyar citta kamar kan yatsa ki daddaka, kanumfari ƙwaya 3 kar ki wuce haka zai mamaye komai. Ya tafasa minti goma ki tace. Ruwan ki mayar tukunya da suga kofi 1 ki rage wuta ki bar shi a buɗe yana ɗan ɓararraka har ya koma rabi ko ƙasa da haka. Ki tsoma cokali ki ja yatsa a bayansa, in hanyar ta tsaya ba ta rufe ba ya yi. Kar ki jira ya yi kaurin da kike so a kan wuta don in ya huce yana ƙara kamawa, ni na farko da na yi sai da ya zama jam muka shafa a burodi. Kauri ake nema ba ƙauri ba. Kalarsa kuwa ja wur mai sheƙi, ki zuba a kan farar ayaba ko gwanda ki gani. Maigidana yana biyowa ta Dadin Kowa yana taho mana da gwanda da gwaiba na lambun bakin dam, yarana da ba sa cin gwanda sam yanzu da wannan suke cinye ta.

Ummu Hanan: Ni ina sa kanwa a zoɓona ta kashe tsamin, a nan ma a sa?

Maman Biyu Tumfure: A'a!! Tsamin ai shi muke nema

Malama Asabe: Kuma kanwa za ta kashe miki kalar, jan zoɓo da tsami yake tsayawa, kina sa kanwa zai yi duhu ya koma wani baƙi baƙi. In kina da tukunyar silba mai ƙyalli wadda ba ta tsatsa ko mai fenti a ciki ki yi da ita. Ta dalma in abu mai tsami ya daɗe a ciki yana ɗauko ɗanɗanon ƙarfe, in ita kaɗai gare ki to kina saukewa ki juye kar ya kwana a ciki.

Hajiya Goggo Jahun: Wannan ta Gombe ta yi hankali. Amma ku gwada tsamiya da mazarƙwaila ku ji. Tsamiya cikin tafin hannu a jiƙa da ruwan ɗumi ta yi laushi a murje a tace, a fasa mazarƙwaila curi ɗaya a ciki ta narke a sake tacewa da ƙyalle don ba ta rasa tsakuwa da ɓawon rake. A dafa da 'yar citta. Mu da muna yara ma maɗi muke sha, na ɗinya. A jiƙa ɗinya a murje a tace a yi ta dafawa tun hantsi har la'asar sai ya yi baƙi ya yi kauri, ba a sa masa suga ko ƙwaya ɗaya. Shi ake ƙara dafawa a ja alewar ɗinya. Yanzu bishiyoyin ma an sare an yi gawayi, sai dai ki ga 'yar busasshiya a faranti a kasuwar Wunti.

Ummu Hanan: Wlh Hajiya ni sunan kawai nake ji, a zatona maɗi karin magana ce kawai, a ce abu ya yi zaƙi kamar maɗi

Adda Hauwa Toro: Kowa ya faɗi nasa bari Bafulatana ta faɗi nata. Kindirmo mai kyau wanda ba a tsinka shi da ruwa ba, ki burga shi ya yi sumul, zuma cokali biyu, shikenan ba wuta ba ƙuna ba asarar gas. A kan mangwaro ba abin da ya kai shi.

Yagana: Fulani dai ko maganin ciwon kai aka tambaya sai sun ce nono 😂

Adda Hauwa Toro: Ke Babarbariya yi shiru, ku da turare ma za ku iya zubawa a kankana

Maman Amir Yelwa: Adda ki gargaɗe ta dai kan abarba da gwanda. Ni abin da ya same ni ranar sunan ƙanwata har yau in na tuna sai na ji kunya. Tun ƙarfe tara na safe na yanka abarba da gwanda da ayaba roba guda babba, na kwarara madara da yogot na rufe na sa a kula ina jin kaina. Bayan azahar aka fara rabawa sai na ga mata suna kai cokali ɗaya suna ajiyewa suna kallon juna, na ɗanɗana wlh ɗaci kamar an matsa shuwaka, madarar duk ta yi gudaji ta tsinke. Wata tsohuwa har cewa ta yi ko hannu aka sa mana. Haka muka juye a kwata.

Malama Asabe: Ba hannun kowa Maman Amir, abarbar ce da gwandar. Suna da wani sinadari mai narka furotin, na abarba bromelin na gwanda papen, shi ya sa ake sa ɗanyar gwanda ko ganyenta a nama mai tauri ya yi laushi, shi ya sa kuma in kin sha abarba da yawa harshenki ke zafi. In ya zauna da madara yana cin ta ne a hankali sai ɗaci ya fito. Ko dai ki ɗan dafa abarbar zafi yana kashe shi, ko ki ajiye mai madarar daban sai za a ci a zuba.

Maman Khalifa mai kek: Wannan dokar ma ta kowane iri ce. Kar a zuba tun da wuri, suga yana janyo ruwan 'ya'yan itace waje. A kawo shi a ɗan kofi ko jug kowa ya zuba daidai bakinsa, ya ma fi burgewa.

Fati Kayan Mata: Slm akwai atamfa da leshi sabbin shigowa da humra ta Maiduguri, masu so su min magana ta pc ana kaiwa har gida

Admin: Fati ranar talla Lahadi ce, wannan na biyu ke nan. Na goge hotunan.

Ummu Hanan: Ni fa wata hanya na gani mai sauƙi a TikTok, madarar kondens ake jefawa a ruwa da gwangwaninta ba a fasa ba a yi ta dafawa, in an buɗe ta zama karamel da kanta

Maman Khalifa mai kek: Yana yi, mutanen Ajantina da maƙwabtansu suna da irin wannan madarar da aka dafa da suga har ta yi ja, abin shafa burodinsu ne. Amma awa biyu da rabi zuwa uku yake ci a wuta, ki lissafa gas ɗinki. Kuma dole ruwa ya rufe gwangwanin ruf tun daga farko har ƙarshe kina ƙarawa, in an sauke kuma ba a fasawa sai ya huce gaba ɗaya.

Maman Amir Yelwa: Ki ƙara da cewa kar a yi barci. Maƙwabciyata ta ɗora a risho ta shiga ɗaki ta kwanta da yaro, ruwa ya ƙone, muna tsakar gida muka ji dammm kamar tayar mota ta fashe. Har silin madarar ta kai, murfin tukunya a bakin ƙofa. Allah ya rufa asiri ba kowa a kicin ɗin. Ni tun ranar na ce ko kyauta ba na so.

Amarya Zee: Innalillahi, a'a wannan na yafe, yatsa ɗaya ma ya ishe ni

Hajja Bilki GRA: Ni duk waɗannan da kuke lissafawa suga ne zalla, gidana mun daina. Dabino nake cire wa ƙwallo kamar guda 15 in jiƙa a ruwan zafi kofi ɗaya rabin awa in markaɗa a bilenda da ɗan lemon tsami da kirfa, yana yin kauri da kala sak karamel kuma ba suga ko kaɗan, har mai ciwon suga zai sha abinsa hankali kwance. Maigidan ma shi nake ba wa.

Sista Rabi: Hajja haɗin ya yi kyau amma maganar ƙarshen nan ki janye ta. Dabino fiye da rabin nauyinsa suga ne, zuma ma haka, mazarƙwaila kuwa ruwan rake ne aka dafe. Jiki bai san wai wannan daga bishiya ya fito ba. Ƙwaya biyu uku da mutum zai tauna daban, guda 15 a markaɗe a kwarara kan mangwaro daban. In Alhaji yana da ciwon ki gwada auna shi awa biyu bayan ya ci ki gani da idonki.

Hajja Bilki GRA: To sista dabinon da ake buɗa baki da shi ne za a ce yana cutarwa?

Sista Rabi: Ban ce yana cutarwa ba Hajjata, yawan na ce. Ai ko a buɗa baki ba wanda ke cin mudu. Tunda an zo kan zuma kuma, Adda, jaririn da bai cika shekara ɗaya ba ba a ba shi zuma ko lasawa, akwai ƙwayar cutar da kan iya kasancewa a ciki wadda hanjinsa bai kai ya yaƙe ta ba. Masu juna biyu da masu shan maganin hawan jini su ma kar su maida zoɓo ruwan sha, amma cokali biyu a kan gwanda ba shi nake nufi ba.

Hajja Bilki GRA: Allah ya kyauta, zan auna ɗin

Adda Hauwa Toro: Mun ji sista. Ni matsalata ma samun zumar kirki, wadda na saya a tasha ta daskare a ƙasan kwalba na ce an haɗa ni da ruwan suga

Malama Asabe: Daskarewa ba ita ke nuna jabu ba Adda, zuma ta gaskiya ma tana yi musamman da sanyin hunturu. Sa kwalbar a ruwan ɗumi za ta sake. Gwajin ashana da na ɗigawa a ƙasa da ake yi ma ba abin dogaro ba ne, suga in an dafa shi ya yi kauri duk zai ci jarabawar. Ki nemi mai kafa amya da kika sani kawai.

Yagana: Ba wadda ta ambaci cakulet, yara ai shi suke so. Garin koko cokali 3, suga cokali 4, madarar ruwa rabin kofi, ki dama a dafa minti uku a sa ɗan bota

Hajiya Goggo Jahun: Garin koko a kan kankana? Wai ku 'yan zamani lafiyarku? Sai a kawo ƙosai kuma

Yagana: 😂😂😂 Hajiya ba kokon gero ba, hodar cakulet ce baƙa mai ɗaci da masu kek ke saya

Hajiya Goggo Jahun: To ku dinga bambantawa. Jikata tana ta dariya ta ƙi rubuta sauran maganata

Ummu Hanan: In babu a sa Milo ko Bournvita?

Maman Khalifa mai kek: Zai yi na yara amma ki rage suga sosai don da nasu a ciki, kuma ba zai yi duhu da ƙarfin na hodar ba. In ya ƙi kauri ki dama kwanfulawa ƙaramin cokali da ruwan sanyi ki zuba yana tafasa, kar ki barbaɗa ta a bushe gudaji za ta yi. Garin kastad ma zai yi don shi ma kwanfulawa ce aka sa wa kala da ƙamshi.

Amarya Zee: Kaina ya fara ɗaukar zafi wlh. To in na yi tun ran Juma'a zai kai? Unguwarmu Fadaman Mada kwana uku ke nan wutar lantarki ko ƙyaftawa ba ta yi ba

Maman Biyu Tumfure: Na zoɓo da na tsamiya za su kai har su wuce, suga da tsami ne ke tsare su. Ki samu kwalbar gilas irin ta bama ki wanke ki tafasa ta da murfin ta bushe, ki juye da zafinsa ki rufe. Kar a dinga tsoma cokalin da aka lasa. Nawa yana yin kwana huɗu biyar a waje, in da firij ya fi sati biyu, kina ganin kumfa ko farin abu a sama ki zubar kar ki ce za ki kwashe saman. Mai madara da na dabino kuwa a zafin nan ranar za ki yi ranar a cinye.

Adda Hauwa Toro: In kina son wani mai tsami ba wuta, garin 'ya'yan kuka ki jiƙa ki tace ki haɗa da kindirmon, irin na kwalba da nono amma da kauri. Kar dai ki dafa shi

Maman Khalifa mai kek: Da lokacin sanyi ne da na ce ki aika a taho miki da sitiroberi daga Jos ki dafa da suga minti biyar, amma yanzu ya ja baya. Ki yi biyu kawai amarya kar ki tara wa kanki aiki ga girki

Amarya Zee: Slm matan gida na dawo da rahoto, yanzu suka tafi ko wanke wanke ban yi ba. Na yi na zoɓo da na tsamiyar Hajiya tun jiya, mazarƙwailar a kasuwar Muda Lawal na samu kuma gaskiya sai da na tace sau biyu, abin da ya fito a ƙyallen ba a magana. Karamel ma zuciya ta hana ni bari na sake gwadawa yau da safe yadda anti ta ce, ya yi amma na tsorata na sauke da wuri bai yi ja sosai ba, sai na ajiye shi gefen fanke. Na jera su a ƙananan kofuna uku. Na zoɓon ne ya fara ƙarewa, ƙannensa har da ɗaukar hoto. Na tsamiyar kuma babbar yayarsu ce ta riƙe kofin a gabanta ita kaɗai ta ce a kawo mata sauran masar safe ta dangwala, wai ya tuna mata da gidan kakarsu. Ita kuwa mutuniyar tawa ta ci ta ci ba ta ce komai ba sai da za su tafi ta biyo ni kicin wai a wane shago na sayi jan nan.

Maman Biyu Tumfure: Kika ce mata me? 😂

Amarya Zee: Na ce daga Gombe aka aiko min

Maman Biyu Tumfure: Ja'ira! To ai ba ki yi ƙarya da yawa ba

Sista Rabi: Yatsan fa?

Amarya Zee: Ya bushe sista Alhamdulillah. Cokalin ne dai ya lanƙwashe tun ranar da na yi ta fama da shi kafin anti ta ce in tafasa

Hajiya Goggo Jahun: Madalla 'yata Allah ya zaunar da ku lafiya. In kaka ta yi wadda ta ga ɗanyar ɗinya a kasuwar ƙauye, ta Dass ko ta Liman Katagum, ta sayo min kwano biyu zan biya, sai ku zo gida ku ga yadda ake maɗi. Ku taho da itacenku don ba a gas ake yinsa ba.

Ummu Hanan: Hajiya a sa sunana na farko. Maman Biyu kanumfarin nan guda nawa kika ce ma? Saƙon ya yi sama na kasa nemo shi

Maman Biyu Tumfure: Uku